Tokar Rumbun Iri

A shekarun da Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar Kano ba, aka kawo wa Sufeto Gwadabe ƙara a masaukinsa na Dutse: rumbun da mutanen wani ƙauye kusa da Kiyawa ke tara irin shuka ya ƙone ƙurmus. Ga damina ta ƙarato. An ma riga an kama mai laifi, in ji ɗan aike, wata tsohuwa mai sabulu da ake kira Iyatu.

Da hantsi Sufeto ya isa. Ɗanmusa, mai gadin rumbun, shi ya tarbe shi, bakinsa har kumfa yake.

"Ranka ya daɗe, jiya da la'asar na gan ta da garwashi a kasko. Yau da sassafe kuma ga ta tana kwasar toka. Don toka ta ƙone mu!"

"Rumbun cike yake?"

"Maƙil da gero."

Sufeto ya tura hannu cikin tokar har gwiwar hannu. Sanyi ƙalau, fara sol, ba nauyi. Ya san gero in ya kama wuta kwana yake yana cin kansa. Ya karkaɗe hannunsa, ya nufi gidan tsohuwar.

Ya tarar da Iyatu a tsakar gidanta, dogari na tsaye a kanta, ita kuwa ko a jikinta, tana tuƙa wani abu a tukunya. In laifin ya tabbata, Kano za a kai ta, kuma mai shekarunta da wuya ta dawo.

"Inna, kin ɗebi tokar?"

"Na ɗiba, ɗan nan. In ga toka irin wannan in bar wa iska? Amma ba sata ba ce. Duk wanda na ɗebi tokarsa, curi guda na sabulu nake ba shi, kowa ya sani."

"Garwashin fa?"

"Ni da wuta sai tuwo. Duba ƙarƙashin tukunyar."

Ya duba, babu murhu. Ta nuna masa yadda take zuba toka a tukunya mai huji, ruwa ya tsiyaye a hankali, ta sake juye shi a sabuwar toka har ya yi ƙarfi. Sai ta haɗa da man kaɗanya da rana ta narkar, ta yi ta tuƙi har ya kama jikinsa. Hannuwanta duk sun tsattsage, amma muciyar ba ta kuskure juyi. Sufeto ya shagala da kallo, har ya manta abin da ya kawo shi. Gaskiya tsohuwar ta burge shi.

Ta saka ƙwan zabo a ruwan tokar rumbun. Ƙwan ya taso, ya tsaya yana lilo.

"Ka gani? Tsiyaya ɗaya, ruwan ya yi ƙarfin ɗaga ƙwai! Sai tokar karan dawa zalla ke yin haka."

"Ara mini rariyarki, Inna."

Ya koma wurin rumbun, ya tankaɗe toka gaban mai gari da jama'a. Ya tankaɗe, ya ƙara. Ko ƙwayar gero ɗaya da ta babbake bai samu ba, sai gaɓoɓin kara.

Daga nan ya zaga ƙauyen a ƙafa, yana duban dangar kowane gida. A gidan Ɗanmusa ne kaɗai dangar kara ta baya ta ɓace, sai turaku tsirara.

"Ina dangarka?"

"Awaki suka cinye, ranka ya daɗe."

"Har da igiyar? Awakin garinku da ladabi, sun kwance ƙulli sun tafi da shi."

Jama'a suka tuntsire da dariya. Sufeto ya matso kusa da Ɗanmusa.

"Ka kwashe geron, ka cusa kara don wuta ta tashi sosai. Da ka ga tsohuwa na kwasar toka, sai ka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ina irin mutane?"

Ɗanmusa ya durƙusa. "Yana kogon dutse, bayan dabinai. Fatake na so in sayar wa. Sharrin Shaiɗan ne."

Kafin azahar aka dawo da dammunan gero a kan jakai, mata na guɗa. Mai gari ya sunkuyar da kai ya ba Iyatu haƙuri. Sufeto da kansa ya ce wa dogari ya bar mata gidanta.

Ana tisa ƙeyar Ɗanmusa da ankwa sai ga Iyatu ta fito, muciya a hannu.

"Dakata, ɗan nan. Ɗanmusa, ashe tokar taka ce. To ni ba na cin haƙƙin mai toka. Curinka na nan, zan ajiye maka."

"Inna, zai daɗe fa," in ji Sufeto.

"Ba komai," ta ce. "Sabulu daɗewa ke gyara shi."