Biron Dogo

Saura kwata a fara labaran rana Dogo ya turo ƙofar ofishin Mai Rediyo ba sallama. Mahaifiyarsa na biye da shi. Aka ba ta kujera, ta ƙi zama.

Mai Rediyo, haka kowa ke kiran mai ofishin. Ita ta kafa tashar, daga ɗaki ɗaya a saman shagon tayoyi har ta kai ma'aikata goma sha biyu. Saura wata guda aurenta da Dogo.

"Kin ce ba wanda zai gane ni," ya ce.

"Da hannuna na sauya muryar. Ko ni kaina..."

"Murya kika sauya. Biron fa?"

Sai a lokacin ta dubi hannunsa. Ƙas... ƙas... Babban yatsansa na danna kan biro, kamar kullum in hankalinsa ya tashi. Shekara uku tana jin wannan ƙarar, har kunnenta ya daina ɗauka.

Dogo ne ke riƙe da makullin siton magungunan kawunsa. Shi ya tsegunta mata cewa kawun na goge kwanan watan maganin yara da ya lalace, ya manna sabo. Ta naɗi bayaninsa, ta mai da muryar ta tsoho, ta saka jiya. Ƙarar biron ta fita yadda take. Kawu, da suke zama tebur ɗaya kullum, tun minti na farko ya gane.

"Yayana ne ya raine shi tun yana rarrafe," in ji uwar. "Kin zo da baki kamar lasifika kin tsinka mini zumunci. Dama na faɗa, mai tallan murya ba matar gida ba ce."

"Mama, yara biyu na kwance a asibiti."

"Ban haife ki ba. Kar na ƙara jin Mama a bakinki."

Dogo ya sassauta murya.

"Rabin raina, abu kaɗan ne. Ki shiga ki ce haɗa hirar aka yi, wani ma'aikacinki ne ya cuce ki. Ki kori ɗaya, shi ke nan. Kawu ya ce zai yafe."

"Ƙarya ka faɗa mini a hirar?"

"A'a."

"To wa zan kora, Dogona?"

"Ni ko tashar. Zaɓi."

Ta tattara takardun labarai.

"Saura minti uku. Ka jira ni, don Allah..."

Ta shiga ɗakin watsa labarai, jar fitila ta kama. Da ta fito, ba kowa a ofishin.

Bayan kwana biyu ta ji shi a tashar tsallaken titi, wadda mai ita ya daɗe yana kwaɗayin masu ba ta talla. Wannan karon da muryarsa ta Allah yake magana. Ya ce bai taɓa zama gaban na'urarta ba, ƙirƙira ta yi don neman suna. Aka tambaye shi batun aure, ya yi dariya.

"Tausayi ne ya kai ni. Shekarunta sun ja, ba mai so."

Wayoyin tasharta suka ɗauki ruri. Masu sauraro na zagi, masu talla na janyewa. Mai Rediyo na zaune kamar an dasa ta.

Editarta, dattijuwar da suka fara tare tun ɗaki ɗaya, ta miƙo mata abin saurare.

"Uwar ɗakina, bar maganarsa. Saurari bayanta."

Ƙas... ƙas... ƙas...

"In muka jera hirar nan da tamu, ko kurma ya san mutum ɗaya ne. Tasha ta wanku. Amma shi ya ƙare. Maci amana a gida, maƙaryaci a waje, ga hukuma za ta neme shi."

Mai Rediyo ce ta saya masa biron nan, makon da ya fara ce mata yana sonta. Ta yi ta tsokanarsa wai ya bar aron na mutane.

Ta ja zoben da ya ba ta. Ya ƙi fita, sai da ya kuje mata yatsa. Ta jefa shi cikin aljihun tebur ta rufe.

"A jera su."

"Kin tabbata, 'yar nan?"

Ta miƙe, ta ɗauki takardunta, ta nufi ɗakin watsa labarai. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Ki rage muryarsa. Ki ƙara ta biron."