Layin Marigayi Mumuni

Sufeto Usmanu Jaye bai ko kurɓi shayinsa ba aka kawo ƙara: buhunan geron agaji sun fita daga sito a Cadakori, kuma wanda ya ba da izini, Mumuni wakilin ƙungiyar agajin, ya yi wata guda a kabari.

Motocin kwamisariya, ofishinsu na 'yan sanda, duk an kwashe su aikin zaɓen da sojoji za su miƙa mulki. Haka ya hau kabu-kabu, bayansa na ciwo.

Ɗantala mai gadin sito ya tarbe shi da rantse-rantse.

"Ranka ya daɗe, ni umarni ni ka bi. Kowane wakilin ƙungiya yana da layinsa da lambar sirrinsa. Saƙo ya zo daga layin Mumuni ran kasuwa, lamba daidai, na buɗe ma masu amalanke."

"Ba ka san ya rasu ba?"

"Na sani. Na ɗauka manyan buro sunka ba wani wakili layin."

Sufeto ya shafa fuska. Kai, wannan aiki!

A buron ƙungiyar da ke Gidan Rumji, shugabarsu Madam Saliha ta sunkuyar da kai.

"Me ya sa ba ku rufe lambarsa ba?"

"Sufeto, wa zai goge sunan mamaci tun ba a yi sadakar arba'in ba? Kunya ta hana ni."

Jibrilla, wakilin da suka yi aiki tare da marigayin, ya tsoma baki tun ba a tambaye shi ba. "Salular Mumuni tana hannun matarshi Larai. Ni rabona da ƙauyensu tun ran jana'iza."

Madam ta ce manyansu na Yamai suna son a kama wani kafin mako ya ƙare. Ma'ana dai a ɗauko mace mai takaba a rufe. Abin bai yi wa Sufeto daɗi ba ko kaɗan.

Ƙauyen yana can bayan Gidan Sori. Da isarsa ya duba wayarsa, ba rezo ko ɗigo, ba halin kira ko saƙo. Mutanen gari suka ce sai an hau tudu nesa da gari ake samu.

Larai ta amsa masa daga bayan zana.

"Kin fita gidan nan tun rasuwar?"

"Ina takaba, Malam, ina za ni?"

"Salular mijinki fa?"

Ta miƙo ta a naɗe cikin ɗankwali. Ya kunna, batir cike fal. A garin da ba lantarki!

"Wa ke yi miki caji?"

"Jibrilla, Allah shi saka mai. Duk ran kasuwa shina zuwa shi kai ta Cadakori, shi maido da marece."

"To ke me kike yi da ita, ba rezo?"

"Akwai muryar mai gidan a ciki, shina yi ma ɗiyarmu wasa. Ita nika saurare."

Sufeto ya roƙe ta aron wayar, ya koma Gidan Rumji. A gaban Madam ya ajiye ta kan tebur.

"Jibrilla, ka ce rabonka da ƙauyen tun jana'iza. Wa ya cika batir ɗin nan?"

 Gumi ya keto wa Jibrilla.

"Lambar fa, ina ka samo ta?"

"Shi ya ba ni, yana kwance asibiti. Ya ce kada rabon gero ya tsaya don ciwonshi. Wallahi duk muna ba juna, Sufeto."

"Duk kuna ba juna. Amma kai kaɗai ka sayar da geron, ka kuma nuna mini ƙofar matarsa."

Jibrilla ya fashe da kuka, ya faɗi sunan ɗan kasuwar da ya saya. Aka buga masa ankwa, aka fita da shi. Madam ta zauna gaban na'ura, ta rufe lambar Mumuni.

Sufeto ya zare layin ya sa a ambulan don kotu. Wayar kuwa ya jefa a aljihu, ya sake hawa kabu-kabu, bayan nan nasa kamar zai ɓalle.

Larai ta karɓa daga bayan zana.

"Jibrilla ba shi zuwa kuma?"

"Ba zai ƙara zuwa ba."

"To wa za shi yi min caji?"

Sufeto ya dubi doguwar hanyar da ya biyo, ya yi ajiyar zuciya.

"Ran kasuwa ki ajiye mini ita."