Harsashi Biyu a Bayan Malam Zakariyya

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗago kai sai gawarsa!"

Ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a, unguwar Gyadi-Gyadi ta tafi masallaci. Daga cikin adaidaita sahunsa Mu'azu ya jiyo tsawar Ɗahiru a shagon wayoyin Madam Obiamaka. Aikinsa ɗaya: kar inji ya mutu. Janareton maƙwabta na ta ruri, gumi na bin bayansa.

Sai wata ƙara ta ratso rurin, mace ta ƙwalla ihu. Ɗahiru ya faɗo kujerar baya da jaka, fuska a naɗe da rawani.

"Ba ta wuta, baaba! Ware!"

Mu'azu ya fizgi keken. Titin Zariya, kwana, lungu, wani lungun, akuya ta sha da ƙyar! Sai a wani kango a Darmanawa suka tsaya.

"Yaya, me na ji?"

Ɗahiru yayan matarsa Binta ne, shi ya ɗauko shi daga ƙauye ya sama masa keken.

"Tsautsayi. Tsohon mai gadin ne ya riƙe ni, muna kokawa bindiga ta tashi. Harbi ɗaya." Ya dafa kafaɗarsa. "An ga lambar kekenka, za su zo. Ka ce kai ne, kuskure ne. Kisan kuskure ba rataya, 'yan shekaru ne ka fito. Binta da yara suna wuyana. In ka kira sunana kuwa, duk mun tafi, wa zai riƙe su?"

Kwana biyu, Sufeto Kolawole ya dira gidan hayarsu a Tarauni, aka zaƙulo wayoyi huɗu a buhun masara.

A ofis sufeton ya kunna kyamara, ya zaunar da lauyan da gwamnati ta ba Mu'azu a gefe.

"Ba mai dukanka. Madam ta ce mutum ɗaya ya shiga, ɗaya na waje. Wanne ne kai?"

"Ni na shiga. Na wajen haya na ɗauko shi, ban san sunansa ba."

Lauyan ya ce, "Malam, ba dole ne ka yi magana ba."

"Kuskure ne, ranka ya daɗe. Kokawa muke, ta tashi. Sau ɗaya."

Mu'azu ya dangwala yatsa a takardar ikirarin.

Shekara biyu yana tsare kafin a gama jin shaidu. Obiamaka ta ce ba ta ga fuska ba, amma ta ga Malam Zakariyya mai gadi ya juya zai fita neman agaji. Sai aka kira likitan da ya duba gawa.

"Harsashi biyu ne, duka ta baya. Daga nesa aka harba, babu alamar kokawa."

Biyu? Ta baya? Mu'azu ya ɗago kai. Ya waiga. Binta na can a bencin ƙarshe da goyo, wurin da ke kusa da ita ba kowa, babu Ɗahiru.

"Ƙarya na yi!" Ya doki katakon da ke gabansa. "Wallahi ban shiga ba! Ina waje!"

"Natsu!" in ji ɗan sandan kotu.

Ranar hukunci Mai Shari'a Hajara ta karanta a hankali, tafinta na juyawa zuwa Hausa. Ta ce janye ikirari ba ya goge shi, kotu takan auna shi ne da abin da ke wajensa. An doke shi? Bidiyo ya nuna a'a. Yana wurin? Kekensa da wayoyin sun tabbatar. Wannan ɓangaren ta karɓa. Batun kuskure kuwa, gawa ta ƙaryata shi.

"Kisan kuskure shi ne wanda babu niyya, babu kuma sanin cewa mutuwa za ta biyo baya. Wanda ya saita bindiga a bayan tsoho mai gudu, ya harba, ya ƙara, ya san abin da yake yi. Ko da kai ne na wajen, tare kuka ƙulla, da makami kuka je. Hannunsa hannunka ne."

Rataya.

Binta ta zube. A ɗaya gefen, matar Malam Zakariyya ta ja mayafi ta rufe fuska, 'ya'yanta biyar a jere, ba wanda ya yi murna.

Ana tura shi motar gidan yari ya hango sufeton.

"Yallaɓai! Ɗahiru ne! Ɗahiru yayan matata!"

Kolawole ya dube shi.

"Zan rubuta. Amma gidansa na Daurawa tuni ya sayar, ba wanda ya san inda ya nufa."

Binta ta taho da rarrafe ta kama ƙarfen motar.

"Baban Maryam, tun satin da aka kama ka ban sake ganinsa ba. Ko ƙwayar shinkafa bai kawo mana ba. Na ɓoye maka ne kar hankalinka ya tashi."

Aka ja ƙofa, aka datse.