Wuƙaƙen Nuraddeen

Hope ce za ta yi aure, ta ja ƙawarta Yagana su je ɗanɗanar abinci, don ta zaɓi inda za a yi liyafar bikinta. Gidajen abinci biyu ne masu tsada, suna kallon juna a titi ɗaya, dukkansu girkin Sin da Japan suke haɗawa da namu.

Na farko, Lotus, ya fi kyau, gilashi ko'ina. Amma a gaban mutum ake girki. Kukun ya zare wuƙaƙe biyu yana wasa da su a iska, ya sare kan kifi, jini ya fantsama. Yagana ta ƙwalla ƙara ta kife teburin. Ita ce ta fara ganin gawar mahaifinta ranar da aka yanka shi a gonar shinkafa a Zabarmari. Tun daga nan ba ta iya kallon wuƙa.

Na biyu, Sakura, ƙarami ne, kujerunsa sun kwana biyu. Hope ta raɗa wa kukun wata magana. Sunansa Nuraddeen. Ya naɗe wuƙaƙensa a tawul, ya yayyaga kaza da hannu, ya soya ta da shinkafa da citta.

Yagana ta kai loma ɗaya ta ce, "Shinkafar garinmu ce."

"Ita kaɗai nake dafawa. Ki ƙara."

Bayan mako biyu saƙonsa ya shigo: "Gana tawa, yau ma da hannu na yaga kaza, don kawai na tuna ki. Oga ya ce na haukace."

Abdulmutallib, mai Lotus, shi ma ya ƙyalla ido ya gan ta, ya fara sintiri gidansu a unguwar Fezzan. Mahaifiyarta ta fi son shi.

"Mai sana'ar wuƙa ba zai shigo mini gida ba," in ji ta. "Wuƙa ta gama da ni."

Hope ta zaɓi Sakura, Yagana ta zaɓi Nuraddeen. Abdulmutallib bai haƙura ba.

Wata la'asar Nuraddeen ya biyo daga aiki, jakar wuƙaƙensa a kafaɗa. Ƙarti uku da Abdulmutallib ya turo suka tare shi a ƙofar gidan su Yagana. Gora ta farko ta fasa masa goshi, ta biyu ta zubar masa da haƙori. Ya faɗi, jakar ta buɗe, wuƙaƙen suka zube dab da hannunsa. Ya ɗaga kai ya ga Yagana a bakin zaure tana ihu. Sai ya kwanta a kansu ya rufe su da ƙirjinsa. Suka tattake masa yatsu har ƙashi ya karye, kafin maƙwabta su fito da taɓare su kore su.

A asibiti mahaifiyar Yagana ta tsaya a kansa.

"Kai ɗan nan, makami a hannunka, me ya hana ka ɗauka?"

"Mama, Yagana tana kallo."

Matar ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Da ta share hawaye ta ce, "Ka turo manyanka."

An ɗaura aure hannunsa na ɗaure. Washegari Yagana ta same shi a kicin yana fama da albasa da hannu ɗaya. Ta daɗe tana kallon wuƙar, sannan ta karɓa.

"Nuna mini yadda ake riƙewa, angona."

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda ba su ga ranar ba.