Mai Ciyar da Shahuna

Shanya kawai matar tela ta hau saman bene ta kwaso, gab da magariba, da jaririnta a goye.

A saman nan ne wani tsohon mahauci, ɗan haya kamarsu, ya shekara ashirin yana ciyar da shahuna. Kullum da yamma zai hau da kwanon tarkacen nama, yana cillawa suna cafewa a iska. Tsoka ɗaya ce ba ya cillawa. Ajiye ta yake a kan katanga, ya sauko bai ɗaga kai ba.

Maƙwabta suka gaji, don 'yan tsaki sun ƙare. Matar tela ce kan gaba.

"Baba, mu muna kiwon kaji, kai kana kiwon ɓarayi!"

Aka yi dariya. Mai gidan ya ce ko ya daina ko ya tashi. Tsoho ya kife kwanonsa.

"Na cillawar ba su dame ni ba," in ji shi. "Na ajiyewar nake ji."

Kwana uku ke nan da hanawa.

Matar tela ta cire zane na farko daga igiyar shanya, sai ƙarni ya bugi hancinta. Ta waiga. Shahuna jere a kan katanga, ko motsi babu. A ƙarshen layin wani ya tsuguna, ya kai girman tunkiya. Fukafukai gare shi. Amma da yatsun mutum ya riƙe katangar.

Ba ita yake kallo ba. Kai yake karkatawa yana leƙen bayanta.

Ta yunƙura za ta gudu.

"'Yata," tsoho ya yi raɗa daga matakala. "Kada ki ba shi baya. Goyonki."

Ta ja da baya. Taku ɗaya. Taku biyu.

Farce na kartar siminti.

Majanyi ya fara kwancewa da kansa.

Tsoho ya gifta ta gefenta, ya tura ta matakala, ya ja ƙofa. Babu ko tsoka a hannunsa.

Da ya sauko, hannun damansa naɗe yake cikin riga. Saura yatsu uku.

Har yau maƙwabta na gunaguni a kan shahuna. Amma tsoho ba ya iya riƙe wuƙa yanzu. Tela ke yanka kajin gidan ɗaya bayan ɗaya, matarsa ke hawa da kwanon, bayan ta kulle yaron a ɗaki.