Zarnin Ajin Ƙarshe

Da almuru Noelie Fuselier ta ɗauki bokiti da tsumman goge ƙasa ta koma makarantar ita kaɗai. A ganinta ƙaramin aiki ne: ta sake wanke ajin ƙarshe, ta manna takardar da ta rage a bango, ta dawo kafin shinkafa da jan waken Goggo Zeline su huce.

Gobe da safe mutumin gwamnatin jiha zai dawo duba ginin. In ya sa hannu, makaranta ta buɗu: kyauta, gwamnati ke biya, iyaye da malamai ke tafiyar da ita, kuma da Faransanci zalla za a koyar da komai. 'Ya'yan masu yankan rake da masu ɓare jatan lande aka ɗauka, irin yaran da a jihar Louisiana ba a saba tambayarsu wace makaranta suke so ba. In ya ƙi, sai baɗi, kuma Noelie ta san baɗin talaka ba ya cika zuwa. Zuwan mutumin na farko ko ajin ƙarshen bai shiga ba. Ya toshe hanci da hankici, ya ce ba zai zuba yara a masai ba.

Gaskiyarsa. Zarni ne a ajin nan, tsohon zarnin fitsari mai kama maƙogwaro. An canza bututu, an ɓamɓare daɓe, an shafa fenti, amma kwana ɗaya ya dawo kamar ƙuda a kan gyambo.

Goggo Zeline yayar babanta ce, kuma a wannan ginin ta yi firamare, zamanin da ake dukan yaro in ya yi Faransanci maimakon Turanci. Tun daga nan ta rufe bakinta a kan yaren da aka haife ta da shi. Tana da wani hali kuma da ya ishi kowa: ba ta shan ruwa daga safe har lokacin tashin 'yan makaranta. Likita ya yi faɗan ƙoda har ya gaji.

Ɗazu ta ga takardar a kan tebur, ta tambayi abin da aka rubuta. Noelie ta ce doka ce: duk yaron da zai je bayan gida sai ya nemi izini da Faransanci. Tsohuwar ta ture takardar da bayan cokali, yadda ake ture mataccen kyankyaso.

"Tsugune ba ta ƙare ba, 'yar nan. An sayar da kare an sayi biri."

"Haba Goggo, naku duka ne, namu dabara ce. Malaman da muka ɗauko daga Faransa sun ce haka yaro ke saurin kama harshe."

"Mu ma haka aka ce mana."

Noelie ta yi dariya ta fita. Mai digiri a Faransanci ba ta jin ta tsohuwar da ta ƙi furta shi.

Kwaɗi sun fara kuka a bakin ruwa lokacin da ta buɗe ƙofar makarantar. Zafi bai sauka ba. Ta bi dogon barandar, ƙamshin sabon fenti na raguwa, zarni na ƙaruwa, har ta isa ajin ƙarshe tana numfashi ta baki. Ta manna takardar a gefen allo, ta danne kusurwoyinta da yatsa. Ta tsoma tsumma.

Kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Ta duba. Ƙwayar masara ce, busasshiya. Ga wata can. Ga wasu, jere a gindin bango, a wurin da ta share da hannunta jiya.

Sai ta ji ɗiga. Ɗis. Ɗis. Ba daga rufi ba.

Ruwan da ke malalowa zuwa ƙafarta ba na bokiti ba ne. Rawaya ne, da ɗumi, har yana tururi. Ya ratsa takalminta ya shiga tsakanin yatsun ƙafarta. Ta ja da baya.

Ta ɗago kai.

Suna nan a gindin bango. Yara ne ƙanana, a durƙushe kan masara, cikin tufafin buhun gari. Gwiwoyinsu sun fashe, ƙwayoyin sun nutse cikin nama. Kowanne ya matse cinyoyinsa, ya ɗaga hannu ɗaya sama. Da gani hannuwan sun daɗe a ɗage.

Ita suke kallo.

Wata yarinya mai tsagaggiyar gira ta motsa leɓe. Muryar siririya ce kamar ta sauro.

"Madame... cabinet."

Noelie ta san Faransancin littafi, amma tsoro ya mayar da kunnenta ga Turancin da ta tashi da shi, inda kalmar kabad take nufi. Ta waiga. Akwai tsohon kabad a kusurwa, wanda masu fenti suka kasa buɗewa. Ta ɗauka wani abu suke so a ciki. Ta ja marfin, ya buɗe ba musu.

Masara ta zubo, baƙa, cike da tsutsa. A saman tulin akwai rular katako. Ba ta tuna ta miƙa hannu ba, sai ganin rular ta yi a tafinta, tana danƙo da maiƙon hannun wata.

Takun takalmi mai tsini ya taso daga baranda. Ƙwas. Ƙwas. Ya shigo ajin, ya tsaya daidai bayanta. Warin hodar jiki da tsohon gumi ya rufe ta. Numfashi mai tsami ya sauka a ƙeyarta.

Bayanta ya miƙe da kansa. Haɓarta ta ɗaga. Bakinta ya buɗe, wata murya mai kaifi ta fito ta cikinsa, ba tata ba.

"Ku tambaya da yaren makaranta."

Yaran suka sunkuyar da kai. Ɗis. Ɗis.

Abin da ya fi ba ta ƙyama shi ne, maganar ba baƙuwa ba ce a bakinta. Ita ce dai a manne a gefen allo, da rubutunta.

Hannunta ya ɗaga rular a kan yarinyar.

Yarinyar ta ɗago ido. Girar hagu, a tsage gida biyu. Noelie ta san girar nan. Kullum tana ganinta a ɗaya gefen teburin cin abinci, a fuskar Goggo. Ta kuma san kalmar: ita Goggo ke maimaitawa cikin barci, tana matse ƙafafu. A Faransancin mutanen karkara, haka ake kiran masai na bayan gida.

Ba kabad suke nema ba. Fitsari suke ji.

Ta ciji harshenta har ta ji gishirin jini. Muryar ta sake ta na ƙiftawar ido.

"Ku je," ta ce da ƙyar. Ba ta san da wane yare ta faɗa ba. "Ku je duka."

Hannuwan suka sauka.

Iska mai sanyi ta wuce ta gefenta, da gudun ƙananan ƙafafu marasa takalmi, suka bi baranda suka fice ta ƙofar baya.

Abin da ke bayanta bai fita ba.

Yatsu masu sanyi suka kama kunnenta suka murɗe. Aka danna ta ƙasa. Gwiwoyinta suka sauka kan masara, zafin ya harba har ƙwaƙwalwa. Mararta ta cika tam, kamar ta wuni ba ta zagaya ba.

"Ki tambaya," aka raɗa mata.

Ba ta tambaya ba. Ta saki abinta nan a durƙushe, ɗumin ya bi cinyoyinta. Ta miƙa hannu ta fizge takardar daga bango, ta jefar da rular, ta rarrafa cikin ƙazantar zuwa ƙofa. Fatar kunnenta ta yage kafin a sake ta.

A waje kwaɗi sun ci gaba da kukansu. Ta durƙusa a ciyawa ta yi amai har ba abin da ya rage.

Da safe mutumin gwamnati ya shiga ajin ƙarshe ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya tambayi wane sabulu ta samo. Ba zarni, ba masara. Ya sa hannu. Noelie ta sa aka fitar da kabad ɗin aka ƙone, kuma har yau a makarantar yaro ba ya ɗaga hannu don bayan gida. Tashi yake ya tafi. Malaman Faransa sun yi ƙorafi, ta nuna musu tabon kunnenta ta ce in sun matsa za ta ba su labarinsa. Ajin ƙarshe dai ba a barin kowa a ciki shi kaɗai, don wani lokaci ana jin warin hoda.

Amma kafin duk wannan, a safiyar ranar dubawar, Noelie ta shigo kicin tana ɗingishi ta tarar da Goggo Zeline zaune a tebur. Tsohuwar ta dubi gwiwoyinta masu plasta. Ta turo babban kofi gabanta, ta yi magana da Faransanci, yaren da Noelie ba ta taɓa ji a bakinta ba ido biyu.

"Cika min da ruwa, 'yar nan. An ce mu je."

Ƙarfe bakwai bai yi ba. Ta shanye, ta miƙo a ƙara.