Akwatin Fitsarin 'Yan Tseren Ƙanƙara

Ƙarfe uku da rabi na yammacin Juma'a, cikin watan Fabrairun 2011, aka kira Sabo Garko aka ce masa an yi sata a filin ƙanƙarar da ke kusa da Upper Marlboro. Jami'in bincike ne a 'yan sandan gunduma, amma Hausawan yankin Sufeto suke ce masa, ya kuma gaji da gyara musu.

"Me aka sace?"

"Fitsari," in ji wanda ya kira shi.

A makon nan ake gasar duniya ta tseren kan ƙanƙara a filin. Ƙasashe talatin da ɗaya ne suka turo matasansu su ɗaura takalma masu wuƙa a ƙasa su yi ta zagaye. Duk wanda ya yi nasara, da wanda ƙuri'a ta faɗa kansa, sai ya ba da fitsari a gwada ko ya sha maganin ƙara kuzari. Ran nan mutum goma sha biyu suka bayar, kowa kwalba biyu. Aka rufe su a akwatin sanyi, aka ba direba ya kai filin jirgin sama. Direba ya isa, ya buɗe bayan mota, babu akwati.

Sufeto ya tarar an riga an sa wa direban ankwa. Sunansa Idrissa, mutumin Damagaram, yana zaune a benci a gaban ofishin gwaji, ma'aikata sun kewaye shi suna kallo. A kansa daraktar gasar take tsaye, Madam Constance, da waya a kowane hannu.

"Aikinka mai sauƙi ne," ta ce wa Sufeto da Turanci. "Shi aka ba kayan, shi ya ɓatar. Ina so kafin labaran ƙarfe shida a ce an kama mutum."

"Wa ya ce shi ya ɗauka?"

"To wa zai ɗauka?"

Cikin duk waɗanda ke ginin, Idrissa ne kaɗai ba shi da lauya, saboda haka bincikenta bai ɗau lokaci ba.

Sufeto ya zauna kusa da shi ya yi masa sallama. Idrissa ya ɗago da sauri da ya ji Hausa, ya kira shi Mushe, wato yallaɓai a bakin mutanen Damagaram.

"Mushe, wallahi ban taɓa shi ba. Me zan yi da fitsarin mutane?"

"Ka tsaya a hanya?"

"Ban tsaya ba."

Sufeto ya nuna masa takardar fita. "Ka bar nan sha biyu da minti arba'in. Ka isa filin jirgi biyu da kwata. Tafiyar minti arba'in da biyar ce. Ina sauran?"

"Cunkoso ne."

"Yau babu cunkoso. Ta hanyar na biyo."

Idrissa ya ce, "Mushe, wata mai zuwa za a kira ni ganawa kan takardun zamana. Shekara tara nake jira. In aka rubuta min laifi, shi ke nan, jirgi za su sa ni. Matata da yara biyu suna Takoma Park."

"To daina yi min ƙarya. Yau Juma'a ce."

Ya sunkuyar da kai. "Na tsaya masallaci. Minti arba'in. Na kulle motar, lakile, makullin ke nan, yana aljihuna."

"Wa ya san za ka tsaya?"

"Ba kowa."

Ya faɗa da sauri fiye da yadda ake faɗin gaskiya. Sufeto ya leƙa motar: ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle ƙofa ba. Wanda ya buɗe ta da makulli ya buɗe. Duk da haka aka wuce da Idrissa ya kwana a tsare, domin Madam Constance tana da labaran ƙarfe shida.

Da safiyar Asabar Sufeto ya koma wurin shugabar sashen gwaji, Dakta Radiyya, likitar ƙoda, 'yar Zariya. Shekara biyu ta yi tana tsara aikin nan.

"Makullin motar nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya na direba, ɗaya ga shi can a rataye. Ni da mataimakina, Malam Misbahu, mu ke shiga ofishin nan."

"Nuna min yadda ake karɓar fitsarin."

Ta kai shi banɗakin mata. Madubi ne a bango uku.

"Ɗan wasa zai ɗage riga zuwa ƙirji, ya sauke wando zuwa gwiwa. Mai shaida ya tsaya ya ga fitsarin yana fita daga jikin mutum da idonsa. Mace ga mata, namiji ga maza. Sannan ya sa hannu cewa ya gani. In bai gani ba, Sufeto, duk kwalaben nan da hatiminsu da jirgin da ke kai su aikin banza ne."

"Wa ke shaidar maza?"

"Malam Misbahu. Mai haɗa magani ne, shekara goma sha biyar da lasisi. Ni na zaɓe shi, don na san ba ya karɓar komai a hannun kowa."

Sufeto ya nemi ganin na maza. Dakta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ba ta taɓa shiga ba. Ya shiga shi kaɗai. Madubai uku ne a nan ma, amma biyu an liƙa musu manyan takardun tallan gasar, sun rufe ruf.

Malam Misbahu ya zo da kansa, mutum mai tsafta, gemu a gyare, cikin baƙin wando da shuɗiyar rigar ma'aikata. Ya gaisa da Sufeto hannu biyu.

"Abin ya dame ni, ranka ya daɗe. Ni na samo wa yaron nan aikin. Ban taɓa zaton haka daga gare shi ba."

"Jiya da azahar kana ina?"

"Ina nan. Aiki bai bar ni na je Juma'a ba, a ofis na yi azahar."

"Wa ya rufe madubai?"

"Masu ado ne, ina jin."

Sufeto ya rubuta, ya yi masa godiya.

Daga nan ya nufi masallacin da Idrissa ya tsaya. Shago ne aka kama haya a jerin shaguna, tsakanin wurin wankin kaya da wani kanti da ya mutu. A baya akwai babbar bolar ƙarfe. Sufeto ya sa safar hannu ya ɗaga murfin, warin ya gaya masa ya zo daidai. Akwatin yana ciki. An farfashe kwalaben duka ashirin da huɗu, kuma kwalabe ne masu kauri, ba sa fashewa sai da ƙarfe. A ƙarƙashinsu akwai wata 'yar jakar roba mai siririn bututu. Ya ɗauki hotonta ya tura wa Dakta.

Ta kira nan take. "Wannan ɗaure ta ake yi a cikin wando, a cika ta da fitsarin wani mai lafiya. Wanda yake kallo ba zai kasa ganinta ba. Ba zai yiwu ba!"

A gaban masallaci wata dattijuwa tana sayar da masa daga bayan motarta ga iyayen da suka kawo yara Islamiyya. Hajiya Atine ake ce mata.

"Hajiya, barka da sanyi. Jiya kina nan lokacin Juma'a?"

"Ina zan je? Kai ne ɗan sandan nan da ba ya zuwa masallaci sai an yi sata?"

"Ni ne. Kin ga wani a bayan shagunan nan?"

"Na ji dai ana fashe-fashe, na ce masu shara ne. Can sai ga wani ya fito, liman yana raka'a ta biyu. Maimakon ya ruga ya samu sallah, sai ya zo wurina, wai in taimaka masa da ruwa. Na ba shi galan ɗin da nake wanke hannu. Ya koma gefe ya yi ta wanke ƙafar wando da takalmi, cikin sanyin nan da ruwa ke daskarewa a ƙasa! Ya wanke, ya sake, ya sake. Na ce, Malam, kare ne ya lashe ka? Ya ce najasa ce ta fallatsar masa."

"Sai ya tafi?"

"Ina! An idar, mutane sun watse, ya shiga ya yi azaharsa raka'a huɗu da jiƙaƙƙen wando. Ko masa bai saya ba, bayan ya ƙarar min da ruwa."

"Yaya yake?"

"Mai gemu, fes da shi. Shuɗiyar riga, da hoton takalmi mai wuƙa a ƙirji."

Sufeto ya sayi masa ta mutum biyu, ya koma mota. Da ɓarawon haya ne daga waje, da ya fasa kwalaben ya gudu. Wannan ya tsaya neman tsarki.

Ya bi ta wurin da ake tsare da Idrissa, ya ajiye masa masar.

"Wa ya ba ka izinin tsayawa?"

Idrissa ya daɗe yana kallon ledar. "Shi ya samo min aikin, Mushe. Shi ya tsaya min da aka haifi ɗana. Ya ce in je in yi sallata, ba wanda zai sani. Ta yaya zan kira sunansa a gaban 'yan sanda?"

"Shi ya kira naka."

Ƙarfe biyu Sufeto ya tara su a ofishin gwaji: Dakta Radiyya, Madam Constance, Malam Misbahu. Ya sa aka kawo Idrissa aka zaunar da shi a bencin jiya. Ta bango ana jin ihun 'yan kallo.

Ya ajiye jakar robar a tebur cikin ledar shaida.

"Malam, ka san wannan?"

"Ban taɓa ganinta ba."

"Wandon nan shi ka sa jiya?"

"Guda ɗaya aka ba kowa."

"Madalla. Za mu karɓe shi da takalmin, mu kai ɗakin gwaji. Ina sa ran fitsarin mutum goma sha biyu."

"Ba za a samu komai ba, ai na wan—"

Ya tsaya. Ba wanda ya taimake shi ya ƙarasa.

"Sau uku, in ji Hajiya Atine," in ji Sufeto. "Ya isa sallah. Na'ura kuwa a ɗinkin takalmi take dubawa."

Malam Misbahu ya nemi kujera ya zauna.

"Ban karɓi komai a hannun kowa ba. Wannan a rubuta."

"An rubuta. Ci gaba."

"Ranar farko na shiga da yaro na farko, ya sauke wando. Ranka ya daɗe, ni tunda nake ban taɓa kallon tsiraicin namiji ba. Na kasa. Na juya fuska ga ƙofa. Madubi ya nuna min, na rufe madubin. Ina jin ƙarar zuba, in sa hannu."

"Mutum nawa?" in ji Dakta Radiyya.

"Duka. Talatin da bakwai."

"Ka sa hannu sau talatin da bakwai cewa ka gani?"

"'Yan wasan sun gane tun rana ta biyu. Jiya da safe na tsinci jakar nan a kwandon shara. Ban san ko ta waye ba cikin maza shidan da na shiga da su. In ɗakin gwaji ya gano fitsarin ba na mai shi ba ne, sa hannuna za a fara dubawa. Lasisina zai tafi. Sai na ce in babu kwalabe babu magana."

Dakta ta miƙe tsaye. "Da ka zo ka ce min, Dakta, ba zan iya ba, da minti biyar na sa wani! Kunya ba laifi ba ce, Malam. Akwai yaran da suka yi shekara goma suna tashi da asuba ba su sha komai ba, ka miƙa tserensu ga mai jakar roba, don ba ka iya buɗe baki ka ce ba ka iyawa!"

"Na ji nauyi ne. Kin yarda da ni."

"Idrissa fa?" in ji Sufeto.

"Na ɗauka za a ce sakaci ne, a sallame shi kawai. Ban zaci za a kai ga ankwa ba."

"Da aka kai fa?"



Da aka fassara wa Madam Constance, tambaya ɗaya ta yi: ko za a iya ce wa manema labarai matsalar ma'aikaci ɗaya ce, ba ta gasar ba. Dakta Radiyya ta ce mata za a sake kiran maza talatin da bakwai yau, kafin kowa ya hau jirgi, ko ta fita ta faɗa wa manema labaran da bakinta. Madam ta duba wayoyinta biyu, ta ce a kira su. Ta ƙara da cewa direban dai ya saɓa doka da ya tsaya, saboda haka aikinsa ya ƙare. Ba da haƙuri kuwa ba ya cikin abin da ta zo da shi.

Sufeto ya fita ya kwance wa Idrissa ankwa da hannunsa.

"Ba a rubuta maka komai ba. Ka je ganawarka."

"Ko layi ɗaya, Mushe?"

"Ko ɗigo."

Ya miƙa ankwar ga ɗan sandan da ke tare da shi, aka sa wa Malam Misbahu, aka fito da shi. Da suka zo daidai bencin ya ja ya tsaya.

"Idrissa, ka yafe min. Ka san halina. Abin da ido bai kamata ya gani ba ne ya ja min."

Idrissa yana murza wuyan hannunsa. Bai tashi ba, bai rusuna ba, karo na farko tun da ya san mutumin.

"Jiya da ake ɗaure ni a nan, Malam, kana tsaye a can. Wannan ka iya kalla."

Ɗan sandan ya taɓa kafaɗar Malam Misbahu, suka wuce da shi ta ƙofar gaba.